Ki Koyi Ɗaukar Hoto, Amma Ki Bar Wa Mutum Kamanninsa

Yau zancenmu a kan hoto ne, watau yadda mace za ta koyi ɗaukar hoton mutum ya fito da kyau, da kuma inda ya kamata gyaran hoto ya tsaya.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani abu da ya faru a unguwarmu. Wata baiwar Allah ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu, Allah ya ji ƙanta. Bayan sadakar bakwai sai babbar 'yarta, wadda ɗalibata ce, ta ce tana so a wanke mata hoton mahaifiyarta ta ajiye, domin autarsu ba ta cika shekara uku ba. Muka bi wayoyin dangi ɗaya bayan ɗaya. Hotuna kam ga su nan birjik, amma duk an bi su da abin nan da ake kira filta. Matar da muka sani baƙa kyakkyawa mai tsagar gado a kumatu, sai ga ta fara fat, babu tsaga, hanci ya koma siriri. Yarinyar nan ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Malama, wannan ai ba Innarmu ba ce." To, 'yar'uwa, autar nan da wace fuska za ta san uwarta?

A zamanin iyayenmu sai an kira mai hoto, ya sa fim mai ɗaukar hoto 24 ko 36, sa'an nan a yi kwanaki ana jiran ya wanko. Yau kuwa kyamara tana cikin wayar da ke hannunki. Bugu da ƙari, kina da abin da namiji mai hoto ba shi da shi, domin ranar suna ko kamu ko sa lalle ke ce mai shiga har ƙuryar ɗaki, inda mata ke sakewa. Saboda haka wadda ta ƙware, sana'a ce ta samu. Ga abubuwan da za ki fara da su.

Na farko shi ne haske. Kada ki tsayar da mutum a rana tsaka, don inuwa za ta cika masa kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, ga shi yana ta yamutsa fuska. Lokacin da ya fi shi ne da safe kafin rana ta take, ko kuwa da la'asar sakaliya. In a ɗaki ne, zaunar da ita kusa da taga ko bakin ƙofa, fuskarta tana fuskantar haske. In kika bar tagar a bayanta, fuskar za ta fito duhu. Ki guji gindin bishiyar da rana ke ratsa ganyenta, don fuska za ta yi dabbare-dabbare. In gefe ɗaya na fuskar ya yi duhu, sa ƙanwarki ta riƙe farin zani ta wannan gefen, zai mayar da haske a kai. Fitilar waya kuwa a bar ta sai dole, don tana sa goshi ƙyalli.

Kada ki ce sai da kayan aiki masu tsada. Akwai wani mashahurin mai hoto na ƙasar Mali, Seydou Keita, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, ya rataya zani mai ado a bayan mutum. Ya rasu a 2001, amma har yau ana baje hotunan nan a manyan biranen duniya.

Na biyu shi ne tsayuwarki. Kafin kome ki goge idon kyamara da gefen mayafi mai taushi, don wayar da ta sha hannun girki hotonta hazo-hazo yake fita. Riƙe ta da hannu biyu, daidai da idon wanda za ki ɗauka. In yaro ne, ki durƙusa. Kada ki matsa dab da fuska, don yin haka yana ƙara wa hanci girma. Ja da baya kamar taku uku, in kuwa wayarki tana da alamar 2x, taɓa ta. Sa'an nan dubi abin da ke bayan mutumin: buta, tsintsiya, igiyar shanya, duk a kawar. Bango wanda babu kome a jikinsa ya isa, ko ki rataya atamfa.

Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne baƙar fata da fararen tufafi. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta raba daidai. In mace ta sa farin hijabi, farin nan yakan rinjayi awon, kyamara ta rage haske, fuska ta yi duhu. Maganinsa shi ne ki taɓa fuskar a kan gilashin waya, wata 'yar alama mai kama da rana za ta fito, sai ki ja ta sama kaɗan har idanu su bayyana. Ki sani wannan matsala ta daɗe. Kamfanin Kodak ya yi shekaru da yawa yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi, shi ya sa hotunan baƙar fata suka riƙa fitowa ba yadda ya kamata ba. Ashe laifin na awo ne, ba na fatarmu ba. Abin da fuskarki ke bukata haske ne, ba fari ba.

Na huɗu shi ne shi kansa mutumin. Nemi izini tukuna. Yawancinmu da an ɗaga kyamara sai mu sandare kamar an kafa turmi. To, ja ta da hira. In tsohuwa ce tambaye ta labarin jikanta, kina yi kina ɗauka. Ɗauki kamar goma, ki zaɓi ɗaya.

Yanzu sai gyara. Tun 1990 aka fito da Photoshop, wanda ƙwararru ke aiki da shi a kwamfuta, amma mai koyo Snapseed ya ishe ta, a waya yake kuma kyauta ne. Abu huɗu za ki koya: yanke gefen da ba a bukata, miƙe hoton da ya karkace, ƙara haske a inda inuwa ta yi yawa, da daidaita launi. Alal misali, in ƙwan lantarki ya sa hoto ya yi rawaya, ki gyara har farin mayafi ya koma fari, daga nan ki tsaya. Kullum ki ajiye hoton asali, ki yi gyara a kan kwafinsa.

Ga ma'aunin da nake ba ɗalibaina. Abin da zai tafi da kansa cikin mako ɗaya ko biyu, kamar ƙurji ko maiƙon goshi, babu laifi a share shi. Amma abin da ya zauna ya zama kamannin mutum, kamar launin fata, tsaga, wushirya, furfura da tabon salla, wannan ba naki ba ne balle ki taɓa. Ki duba wayarki ma, don da yawa suna zuwa da abin goge fuska a kunne, musamman a kyamarar gaba. Kashe shi. Hoton fasfo da na takardar jarrabawa kuwa ba a yi masa kwalliyar filta sam, don amfaninsa ke nan a gane mai shi. Mu kuma iyaye mu yi tunani: yarinyar da ta tashi tana ganin duk hotonta sai an mai da ita fara kafin a ce ta yi kyau, ran da ta sami kuɗi ina za ta nufa in ba wajen mai sayar da man bilicin ba?

Har wa yau, hoto amana ne. Wanda kika ɗauka a cikin gida, mace ba lulluɓi, mai shi kaɗai za ki ba. Kada ki sa hoton kowa a Facebook ko WhatsApp sai da yardarta, don abin da ya fita ba ya dawowa. Wanda ya yi kyau kuma a kai a wanke shi a takarda, saboda waya tana ɓata, tana lalacewa.

'Yan makaranta, kada ku raina wannan aiki. Marigayi J. D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Nijeriya a 1968, ya tara wajen dubu, ga shi sun zama tarihi. Fati Abubakar, 'yar Maiduguri wadda ta karanta aikin jinya, ta fara ɗaukar hotunan mutanen Borno a 2015, don duniya ta ga ana kasuwa, ana karatu, ana biki duk da halin da aka shiga.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kada ki jira ranar biki. A cikin makon nan zaunar da mahaifiyarki ko kakarki a bakin ƙofa bayan la'asar, ki ɗauke ta yadda Allah ya yi ta. Ki nuna wa ƙaramin yaron gidan. In ya ce "Ga Kaka!" tun ba a tambaye shi ba, to kin fara iyawa.