Bom na rumbu ne, ba na ɗakin kwana ba

Duk shekara da zarar bazara ta kama, kuɗin cizo ya hana mutane runtsawa, sai wata shawara ta fara yawo a gidajen suna da zaurukan WhatsApp: "Ki sayo bom guda uku ko huɗu ki zuba ƙarƙashin gado, ki rufe ɗakin kwana biyu. Wallahi har ƙwayayensa sai sun mutu." Mai faɗin haka yawanci yaya ce ko maƙwabciya, kuma da kyakkyawar niyya take faɗa. Amma ni kam na gaji da jin wannan magana, domin shawara ce da ta sha kai mutane kushewa.

Kowa ya san kuɗin cizo, wanda wasu ke kira gazunzumi: ɗan ƙwaro ne jaja-jaja mai faɗi, tsawonsa bai wuce milimita 7 ba, ba ya tashi, ba ya tsalle, da rana yana lafe a lungu, da dare ya fito shan jini. Ba a tabbatar yana yaɗa wata cuta ba. Ƙaiƙayi ne, da rashin barci, da kunya idan baƙo ya kwana. To a kan ƙwaron da ba ya kisa ne za a shigo da gubar da ke kisa cikin ɗaki?

Ƙwayar nan da ake kira bom, wadda ake sayarwa da sunaye irin su Phostoxin, an yi ta ne don wake da masara da ke cikin rumbu ko sito da aka toshe. Sinadarin cikinta, alminiyum fosfaid, da ya ji damshin iska sai ya fara fitar da gubar iska mai suna fosfin. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da giram 1 na wannan iska. Wani lokaci ana jin wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, wani lokaci hanci ba ya kamawa. Fosfin ta ɗan fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka yaron da ke kwance a tabarma ne kan fara kwasa. Kuma har yau babu maganin da ke karya ta a jikin mutum, likita sai dai ya tallafi numfashi da zuciya ya jira ikon Allah.

Za a ce ai an rufe ɗakin, babu kowa a ciki. Wane rufi? Ɗakunanmu da silin ɗaya ya haɗa uku, ƙofa da rata a ƙasa, taga ba ta gama rufuwa? A gidan haya ma bango ɗaya ne tsakaninki da jaririn wata. A watan Disamba na 2021, a gabashin Landan, wata mata ta watsa irin wannan ƙwaya a gidanta don kashe kuɗin cizo, ta kwashe iyalinta ta fita. Iskar ta bi ta cikin benen ta shiga wani gidan, yarinya 'yar shekara 11 ta rasu. Daga baya matar ta amsa laifin kisa ba da niyya ba a gaban kotu. A 2015 kuma, a garin Fort McMurray na Kanada, yara biyu 'yan gida ɗaya suka mutu bayan an yi amfani da ƙwayar da aka taho da ita daga Pakistan, shi ma saboda kuɗin cizo. Gidajen da aka gina da ƙofofi masu rufuwa ruf ke nan. Abin da ya ƙara muni shi ne alamomin gubar na farko amai ne da ciwon ciki da nauyin ƙirji, sai a ɗauka abinci ne ya ɓata ciki, a ba yaro jiƙo, a mayar da shi ya kwanta a ɗakin da gubar take.

Ƙanwar bom ita ce fiya-fiya da Sniper, masu sinadarin da ake rubutawa DDVP a jikin kwalba. Maganin gona ne. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa da kantuna, amma ga shi nan a teburin mai kayan koli kusa da ashana. Ana tsiyaya shi a katifa, fata ta sha, huhu ya sha. Masu zuba kalanzir ko fetur a gado kuwa, a gidan da ake kunna kyandir da maganin sauro na wuta, ban san me zan ce musu ba sai Allah ya kiyaye. Duk wanda ya fara dalalar da yawu, gumi, amai ko sarƙewar numfashi bayan an yi feshi, a fitar da shi iska, a cire masa kayan jikinsa, a wuce asibiti da kwalbar a hannu. Manja da madara ba sa karya guba, ɓata lokaci ne kawai.

Dalilin da ya sa feshi ɗaya ba ya gamawa da kuɗin cizo a fili yake. Macen tana zuba ƙwai ɗaya zuwa biyar a rana, tana manna su a cikin tsagar da feshi ba ya kaiwa, kuma yawancin magungunan feshi ba sa kashe ƙwai. Bayan kwana 6 zuwa 10 su ƙyanƙyashe, a ce magani jabu ne, a ƙaro wanda ya fi ƙarfi. Ga shi kuma ƙwaron ya daɗe da sabawa da yawancin maganin sauron gwangwani. Barin ɗaki don yunwa ta kashe shi ma ba ya aiki, yana yin watanni bai ci ba. Ƙazanta ba ta haifar da shi, ɗauko shi ake yi a kayan gwanjo, tsohuwar kujera, akwatin ɗan makarantar kwana ko jakar matafiyi.

Abin da ba ya iya jurewa shi ne zafi. Da shi da ƙwansa duk suna mutuwa idan zafi ya kai maki 50 ya ratsa su, kuma wannan makami muna da shi a arha. A fara da bincike da tocila: ɗinkin gefen katifa, mahaɗar katakon gado, bayan allon kai, ƙarƙashin ledar ɗaki, naɗin labule, saman gidan sauro, bayan kalanda da agogon bango. Za a ga baƙaƙen ɗigo kamar na biro, da fatar da suka saɓule, da fararen ƙwai ƙanana. Zanin gado, rigar filo, labule da tufafi a ƙulle su a leda tun daga cikin ɗakin, kada a ratsa tsakar gida da su a buɗe ana zubar da ƙwari a hanya. A jiƙa su a ruwan da ya tafasa, a shanya, a bi da dutsen guga, musamman kan ɗinki. Abin da aka gama da shi ya zauna a sabuwar leda a ɗaure, kada ya koma ɗakin tukuna.

Gado kuwa sai an kwance shi gaba ɗaya. A fitar da shi, a bi kowace mahaɗa da ramin ƙusa da tafasasshen ruwa daga buta, a kawar da yara daga wurin. A kankare gefen katifa da burushi mai tauri, a bi ɗinkin da dutsen guga a kan ƙyalle mai ɗanshi don tururi ya shiga. Shanya katifa a rana kaɗai ba ta isa, domin soso mai kauri ne, ƙwarin sai su gudu ɓangaren da ke da sanyi. Bayan an shanya, a sa ta cikin leda mai kauri a manne bakin da salatif, a bar ta haka shekara guda ana shimfiɗa a kai. Wanda ke ciki ba zai fito ba, na waje ba zai shiga ba. Takalma, jaka da ƙananan kaya a sa su kaɗan-kaɗan a baƙar leda a ajiye a tsakiyar ranar Afrilu tun hantsi har la'asar, ana juyawa. Tsagar bango da ta daɓe a toshe da siminti. Idan an mayar da gado, a janye shi daga bango, kada zani ya taɓa ƙasa.

Sai kuma abin da mutane suka fi ƙi: maimaitawa. Bayan mako ɗaya ko kwana 10 a sake bin komai, a kuma sakewa, har a yi wata guda ba a ga sabon ɗigo ko cizo ba. A gidan haya ko gidan yawa, a cire kunya a faɗa wa juna, a yi aikin rana ɗaya, in ba haka ba na ɗakin amarya zai dawo wa uwargida. Katifar da aka yanke shawarar jefarwa a yayyaga ta, kada almajiri ko ɗan bola-jari ya ɗauka ya kai wani gida. Idan abin ya fi ƙarfin gida aka kira mai feshi, a ce ya nuna kwalbar a karanta, a tabbatar an rubuta cewa ta amfanin cikin gida ce kuma tana da lambar NAFDAC, a tambaye shi awa nawa za a yi kafin a koma ɗakin. Wanda ya ciro ƙwayar bom daga jaka, a ba shi kuɗin mota ya koma.