Zaɓen Asibitin Horon Ƙwarewa ga Likita Mai Sha'awar Bincike a Fannin Mata da Haihuwa

Gabatarwa

Idan likita ya gama karatun jami'a, ya yi shekarar gwaji a asibiti, ya yi bautar ƙasa, sai ya fuskanci tambayar inda zai je neman ƙwarewa. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana abubuwan da ya kamata ya duba, in har nufinsa shi ne ya haɗa duba masu ciki da bincike.

Tsarin Horo a Nijeriya

Hukumomi biyu ne ke ba da shaidar ƙwarewa a wannan fanni, watau Kwalejin Ƙasa ta Horon Likitoci Bayan Digiri, wadda aka kafa a 1979, da Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma. Horon yakan ɗauki shekara biyar ko fiye a asibitin da suka amince da shi, kuma kafin jarrabawar ƙarshe sai likita ya rubuta kundin bincike. Saboda haka kowane asibitin horo yana iya cewa yana bincike. Bambancin yana ga ko kundin matakin farko ne na aikin rayuwa, ko kuwa sharaɗi ne kawai na cin jarrabawa.

Abubuwan Dubawa

Na farko shi ne adana bayanan marasa lafiya. Yawan masu haihuwa kaɗai ba ya haifar da ilmi, sai an rubuta abin da ya sami kowace mace. Alal misali, daga 1976 zuwa 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a jere a Zariya, aka buga sakamakon a 1985. Aikin ya nuna cewa mutuwa ta fi yawa a cikin matan da ba su je awon ciki ba, da 'yan mata masu ƙananan shekaru, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa. Da rajistar ɗakin haihuwa ba ta cika ba, da ba a san wannan da hujja ba. Don haka mai neman horo ya roƙi a nuna masa ɗakin ajiyar fayil tun kafin ɗakin tiyata.

Na biyu shi ne malamai. Ya bincika abin da manyan likitocin sashen suka buga a shekarun baya-bayan nan, da kuma ko sunayen almajiransu na fitowa tare da nasu. Malamin da ba ya rubutu da wuya ya koyar da shi.

Na uku shi ne lokaci. A sashen haihuwa kiran dare ba ya yankewa, ga jijjiga, ga zubar jini, ga doguwar naƙuda. In ba a keɓe wa likita wasu watanni na nazari da koyon ƙididdiga ba, aikin yau da kullum zai cinye niyyarsa.

Na huɗu shi ne hulɗar sashen da wasu cibiyoyi. Gwajin E-MOTIVE, wanda aka buga a 2023, ya haɗa asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma masana na Jami'ar Bayero na cikinsa. Ya nuna cewa auna jinin da mai jego ta zubar, tare da ba ta magunguna gaba ɗaya da wuri, yana rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Likitan da ya yi horo inda ake irin wannan aiki yakan koyi tsarin gwaji da hannunsa.

Kammalawa

Sunan asibiti da girman gininsa ba su ne ma'auni ba. Kuskure wajen wannan zaɓe yana iya sa mai basira ya fita da hannun tiyata kawai, alhali tambayoyi kan yoyon fitsari da ciwon zuciyar masu jego suna nan suna jiran mai bincike. Ya rage ga malamai su nusar da ɗalibansu tun suna ajin ƙarshe.