Murfin Tankin Babur: Ya Tare Mai, Amma Ya Bar Iska

Wata rana da bazara mu biyu muna komowa Tozai daga Isa a kan babur ɗin ƙungiya, sai mai tuƙi ya ji sanyi-sanyi a cinyarsa. Da muka tsaya muka duba, ashe wandonsa ya jiƙe da fetur. Da safe muka cika tanki, kowane rami muka faɗa sai mai ya yi tsartuwa ta gefen murfi, ya gangaro ya nufi inji mai zafi. Da muka isa muka gaya wa dattijon da ke riƙe da makullin babur ɗin, sai ya ce, "Ai Malam, an daɗe ana haka. Bari in sa mishi leda." Muka ce, "To, Baba." Ya ninka leda biyu, ya shimfiɗa a bakin tanki, ya danna murfi a kai. Zubar ta tsaya, kowa ya yi murna.

Kashegari wani ɗan ƙungiya ya hau babur ɗin za shi gona. Bai yi nisa ba inji ya fara shaƙewa, ya mutu. Ya buga, ya buga, bai tashi ba. Ya canja filogi, bai tashi ba. Da ya gaji ya buɗe murfi domin ya ga ko mai ya ƙare, sai ya ji tanki ya ja iska, fuu. Ya buga sau ɗaya, babur ya tashi. Ya ɗan taɓa tafiya, ya sake mutuwa. Haka ya yi ta fama har ya komo gida.

Abin da ya faru ke nan. Murfin tanki aiki biyu yake yi, yawancinmu kuwa ɗaya muka sani. Yana da zoben roba a ƙarƙashinsa wanda yake matse bakin tanki domin kada mai ya fita, kada kuma ruwa da ƙura su shiga. Sa'an nan yana da wata 'yar kafa, da ƙyar allura za ta shiga, wadda iska take bi ta shiga tanki. A irin baburan da muke hawa, su Bajaj Boxer da Jincheng, babu abin da ke tura mai zuwa kabureta sai nauyinsa. In mai ya sauka, dole iska ta maye gurbinsa. Ɗauki gwangwanin madara, ka huda shi wuri ɗaya, ka ga yadda madara take fita da ƙyar. Huda na biyu, sai ta kwararo. Ledar Baba ta toshe huda na biyu ne.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu. Tun da 'yan bindiga suka addabi yankin Isa da Sabon Birni, ba mai so magariba ta same shi a daji yana tura babur. Ga kuma tsadar mai. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato ta hana sayar da fetur a jarka, ta ƙayyade abin da za a sayar wa mai abin hawa a ƙananan hukumomin da fitina ta shafa, har da Isa da Sabon Birni. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin mai, lita da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Mu da muke saye a kwalba wurin 'yan bumburutu, namu kullum ya fi na birni. To, mu ɗauka babur yana zubar da cikin gwangwanin madara ɗaya kowace rana. Gwangwani 6 kusan lita ɗaya ne. A wata guda lita 5 ke nan, wajen rabin tanki. Ma'ajin ƙungiya ya lissafa wannan da mudun gero, ya ga ko abin wasa ne.

Akwai hasarar da ba ta shiga littafin ma'aji. Buhun garin da aka ɗora bisa tanki, in ya sha fetur, ba mai cin tuwonsa. Yaron da aka zaunar a gaba, fetur yana ƙona masa fata. Da damina ruwan sama yana bin inda mai ya fita ya shiga. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki yana cin ƙarfe, ranar da ka juya famfon mai zuwa rizab, shi zai fara isa kabureta. Mafi muni kuwa wuta ce, gama tanki yana bisa kan inji da wayar filogi.

Kafin a taɓa murfi, a tabbata daga nan ne zubar take. Sau da yawa laifin na mai cikawa ne. Fetur yana kumbura da zafi, kusan kashi 1 cikin 100 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. A watannin Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Gobir yakan wuce digiri 40, tankin da ke tsaye a rana kuwa ya fi haka. Lita 10 da aka zuba da sanyin asuba tana iya ƙaruwa da fiye da cikin gwangwanin madara kafin azahar. In an cika har baki, sabon murfi ma sai ya yi amai. A riƙa barin kamar faɗin yatsu biyu. In an yi haka zubar ba ta daina ba, a share tanki ya bushe, a barbaɗa garin alli ko toka mai sanyi kewaye da wuyansa, a jijjiga babur. Inda garin ya fara jiƙewa, nan ne ciwon. In daga ƙarƙashin murfi ne, aikinmu ne. In daga ɗinkin ƙarfe ne, tanki ya tsage, wannan wani aiki ne dabam, kuma kada kowa ya kai shi wurin mai walda da warin mai a cikinsa. Tankin da ba mai ya fi cikakke saurin fashewa, domin tururin ne ke kamawa.

Ga yadda muka gyara namu. Muka fitar da babur fili, cikin inuwa, nesa da murhu, muka bari inji ya huce. Muka roƙi mai shan taba ya koma can gefe. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya iske wuta inda take, saboda haka ba a yin wannan aiki a ɗaki, ba a yinsa da dare a hasken fitilar kananzir. Muka cire murfi, muka rufe bakin tanki da tsumma mai tsabta. Zoben robar ya bushe ƙirin kamar tsohuwar fata, ya tsattsage, gefe ɗaya kuma ya lotse. Rana da fetur ne suke cin roba haka. Muka ɓanɓare shi da bakin sukudireba a hankali.

Murfi mai makulli yana da faranti a ciki wanda ƙananan kusoshi suke riƙe da shi, da sifirin da ke tura haƙoran makulli. In za a kwance, a jera kayan bisa faifai yadda suka fito, domin sifirin ɗin in ya yi tsalle cikin rairayi an rabu da shi. Muka wanke kome da ɗan fetur, muka bi kafar iska da siririyar waya. Ƙurar hunturu da guntun leda muka tarar a ciki. Muka goge murfin, muka hura, iska ta wuce. Sa'an nan muka shafa bakin tanki da yatsa. In da tsatsa, a goge ta da samfefa mai laushi, tsumma yana toshe da baki. In bakin mazurari ya lanƙwasa shi, sai an miƙe shi, in ba haka ba sabuwar roba ba za ta zauna daidai ba.

Wurin samun roba ne mutane suka fi yin kuskure. Abin da ya fi kusa da hannu shi ne tsohon tiyub na taya, kowa kuwa yana da almakashi. Amma robar tiyub an yi ta ne domin iska. Fetur yana kumbura ta, ta yi laushi, ta narke, gutsattsarinta su gangara su toshe kabureta. Haka ma gam da irin silikon da ake liƙe gilashi da shi. Robar da ke jure fetur, masu sana'a suna ce da ita nitiril, ido kuwa ba ya rarrabe ta da sauran, duka baƙaƙe ne. Gwajinmu mai sauƙi ne. A yanki ɗan guntu, a jefa cikin kwalba mai ɗan fetur, a rufe, a bar shi ya kwana. In da safe ya kumbura ko yana manne wa yatsa, a yar. Sabulu da wasu ke shafawa yana da dalili, gama fetur ba ya narkar da shi, amma ruwan sama na fari zai wanke shi. Na kai mutum gida ne kawai.

Mai zuwa kasuwa ya tafi da tsohon zoben da murfin, ya gwada a gaban mai kaya. Sau da yawa ba a samun zoben shi kaɗai, sai murfi gaba ɗaya da makullinsa. Mu haka muka saya. Mun yi gunaguni a kan kuɗin, amma bai kai na man da muke zubarwa a wata guda ba. Sai dai makullan babur sun zama biyu, muka ɗaure su a igiya ɗaya. Sabon murfi ma a hura shi kafin a biya, mun ga wanda ya zo daga kanti kafarsa a toshe.

Da muka sa, muka zuba mai, muka sake barbaɗa alli, muka jijjiga, muka karkata babur dama da hagu. Alli ya zauna fari. Daga nan wani ya hau ya zagaya kusa da gari kamar rabin sa'a, inda in ya mutu ba za a sha wahala ba. Da ya komo muka kashe inji, muka kara kunne, muka buɗe murfi. Ba mu ji tanki ya ja iska ba. Baba ya karɓi makullansa, ya rubuta ranar a bayan littafin ƙungiya, domin a duba robar kafin damina ta sauka.