Idan Aka Yi Maka Tambayar Keke A Jarrabawar Turanci

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani saurayi a ƙasar Katsina, wanda ya gama makarantar koyon aikin jinya, yana kuma taya mahaifinsa noma. Ya ce zai zauna jarrabawar Turanci da ake kira IELTS don neman ƙaro ilmi a Ingila, kuma sai da tsohonsa ya sayar da buhunan gero kafin aka biya kuɗinta. Da abokinsa ya gwada shi da tambaya a kan hawan keke, sai ya ce "Yes" kurum, ya yi tsit. Shi ne yake tambaya, ina mafita?

To ƙanena, kwantar da hankalinka. An fara wannan jarrabawa ne a 1989, masu shirya ta kuwa su ne British Council da IDP ta ƙasar Ostareliya da Jami'ar Kambirij. Ɓangaren magana bai wuce minti 11 zuwa 14 ba, kuma kashi uku ne. A kashin farko za a yi maka gajerun tambayoyi a kan zamanka na yau da kullum, nan ne keke ya kan shigo. A na biyu za a ba ka kati da batu a rubuce, ka yi shiri na minti 1, ka yi magana har minti 2. A na uku kuwa sai a faɗaɗa batun, a nemi ra'ayinka.

Makin daga 0 ne zuwa 9, kuma abu huɗu ake aunawa: maganarka ta tafi ba yawan tsaiko, yawan kalmomin da ka iya, nahawu, da kuma lafazi. Ka lura, babu sanin keke a ciki. Bakinka ake son a ji. Kai da ka tashi kana ɗaura buhu a bayan Raleigh kana kai wa kasuwa, ai ba ka rasa abin faɗi ba, hanyar faɗinsa ka rasa.

Ga hanyar. Tukunya ba ta zama sai a kan duwatsun murhu uku, haka ita ma amsa. Dutse na farko amsar kanta, na biyu dalili, na uku misali. An ce maka kana hawan keke? Sai ka ce: "Yes, I ride to the market every week, because the bus fare is too high." Daga nan ka ce "for example", ka ba da labarin ranar da ka kai buhun masara, ko ranar da tayarka ta yi faci a hanya ka tura keken har gari. Jimla uku ko huɗu sun wadatar a kashin farko. In kuwa ba ka hawa, faɗi gaskiya, ka kawo dalili.

Sai ka kiyayi tarko uku da ke kama mu Hausawa. Na farko, mu mun ce hawan keke, don haka sai ka ji mutum ya ce "climb". A Turanci "ride" ake cewa, ba "climb" ba, ba kuma "drive" ba, wannan na mota ne. Na biyu, labarin ƙuruciya ya riga ya wuce, saboda haka "rode" za ka ce. Na uku, kalmomin da muka aro muka lanƙwasa. Birki "brake" ne, feda "pedal", famfo "pump", faci kuma "patch". Ka ga uku daga ciki da P suka fara, mu muka mai da su F. Rufe leɓɓanka gam, sannan ka sake su da iska. Ba a ce sai ka yi magana kamar mutumin Landan ba, a dai gane abin da ka faɗa.

A kashi na uku ana iya tambayarka amfanin keke ga jama'a. Ka ce ba ya shan mai, ba ya fid da hayaƙi, yana ƙara lafiya, gyaransa da araha. Ka kawo aibunsa ma, kamar zafin rana da haɗarin manyan motoci. Kana iya ƙarawa da cewa a 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 3 ga watan Yuni a matsayin ranar keke ta duniya.

Amma fa kada ka yi hadda. Masu jarrabawa sun san muryar mai hadda, kuma da sun juya tambayar sai ka kafe. Kullum bayan la'asar ka samu aboki ya yi maka tambaya biyar, ka ɗauki muryarka a waya, ka saurara, ka gyara. Wanda ya koyi keke sai da ya sha faɗuwa, harshe ma haka yake.

Allah ya ba ka sa'a, ya sa geron Baba bai tafi a banza ba, amin. Mu kwana nan.