Saitin MTU a rauta mai katangar tsaro: abin da ke sa wasu shafuka maƙalewa alhali akwai intanet

Akwai wata matsala da ke wahalar da masu shagunan intanet da ƙananan ofisoshi bayan sun ɗaura sabuwar rauta mai katangar tsaro. Fitilun na'ura duk a kunne, saƙon WhatsApp na shiga, Google na buɗewa, amma shafin banki ko na rajistar jarrabawa sai ya tsaya yana ta juyawa. Wani lokaci imel mai ɗauke da fayil ya ƙi tafiya sam. Galibi kamfanin da ke ba da intanet ake ɗora wa laifi, alhali sau da yawa matsalar na cikin wata lamba guda a saitin WAN, wato kafar da ke haɗa rauta da duniyar waje. Sunan lambar MTU.

Mene ne MTU?

Bayanai ba sa tafiya a dunƙule. Kwamfuta kan yayyanka su ƙunshi-ƙunshi kafin ta tura, kuma MTU shi ne iyakar girman ƙunshin da hanya za ta iya ɗauka a lokaci guda. A kebul ɗin Ethernet iyakar bayit 1500 ce. Daga ciki, bayit 20 na bayanan adireshin IP ne, wasu 20 na TCP, saura 1460 su ne ainihin kayan da ake aikawa. Wannan saura shi ake kira MSS.

Lissafin na canzawa idan layin PPPoE ne, irin wanda kamfani ke ba da suna da kalmar sirri a saka cikin rauta, kamar yadda ake yawan gani a layukan faiba. PPPoE na cin bayit 8 a kowane ƙunshi, sai MTU ya koma 1492, MSS kuma 1452. VPN ma na cin nasa kason, shi ya sa WireGuard ya saba amfani da 1420.

Dalilin da ba a ganin saƙon kuskure

Yawancin kwamfutoci kan sa wa ƙunshi alamar DF, ma'ana kada a raba shi a hanya. Idan ƙunshin ya fi ƙarfin wata hanya, rautar da ke wurin za ta jefar da shi, sannan ta aika wa mai turowa saƙon ICMP cewa ya rage girma. Wannan tsari yana cikin ƙa'idar RFC 1191 tun shekarar 1990.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wasu masu kula da na'urori kan toshe ICMP gaba ɗaya da sunan tsaro, ko a ɓangaren ofis ko a ɓangaren sabar da ke ɗauke da shafin. Sanarwar ba ta isa ba, sabar kuma ta ci gaba da turo manyan ƙunshin da ba za su wuce ba. Ƙananan saƙonni na ratsawa lafiya, shi ya sa shafi kan fara buɗewa sannan ya tsaya.

Yadda ake auna layi

Ba a saka lamba da ka, aunawa ake yi. A kwamfuta mai Windows da ke bayan rautar, a buɗe Command Prompt a rubuta:

ping -f -l 1472 8.8.8.8

A Linux kuwa:

ping -M do -s 1472 8.8.8.8

An zaɓi 1472 ne saboda ping na ƙara bayit 28, wato 20 na IP da 8 na ICMP, jimla 1500. Idan amsa ta dawo, layin na ɗaukar cikakken ƙunshi, sai a nemi matsalar a wani wuri. Idan aka ga saƙon cewa ƙunshin na buƙatar rabawa, ko kuma aka ji shiru alhali ƙaramin ping na tafiya, sai a riƙa rage lambar goma-goma har amsa ta dawo, sannan a riƙa ƙarawa ɗaya-ɗaya har a gano iyaka. A haɗa iyakar da 28, abin da ya fito shi ne MTU na layin. Misali, idan 1464 ne na ƙarshe da ya wuce, MTU 1492 ne.

Inda ake sakawa

A pfSense, ana shiga Interfaces a zaɓi WAN, inda akwai gurbin MTU da na MSS. Gurbin MSS na da wata ɗabi'a da ke ruɗar mutane: tsarin da kansa yake cire 40 daga abin da aka rubuta don IPv4. Saboda haka mai layin PPPoE 1492 zai rubuta a wurin, ba 1452 ba. A MikroTik, zaɓin change-tcp-mss da ke cikin saitin PPP shi ke yin wannan aiki.

Amfanin saita MSS shi ne rauta na gyara lambar tun a gaisuwar farko tsakanin kwamfuta da saba, don haka ɓangarorin biyu ba za su aika abin da ya fi ƙarfin hanya ba, ko da an toshe ICMP. Sai dai TCP kawai yake shafa. VPN da ke tafiya kan UDP sai an saita masa MTU nasa daban.

Kada a rage lambar fiye da kima. Kowane ƙunshi na ɗauke da bayanan adireshi, to ƙananan ƙunshi na nufin ɓarnar gudu, kuma IPv6 ba ya aiki ƙasa da 1280.

Sauran saituna biyu a shafin

Na farko adireshin MAC. Wasu kamfanoni kan ɗaure layi da adireshin na'urar da aka fara haɗawa, sai sabuwar rauta ta kasa samun IP. A fara kashe modem na ƴan mintuna a sake kunnawa. Idan bai yi ba, a nemi kamfanin ya saki layin, ko a kwafi adireshin tsohuwar na'urar a gurbin MAC. Kada a bar na'urori biyu masu adireshi ɗaya a kan layin.

Na biyu gudun kafa, wanda ke fitowa da sunan Speed and Duplex. Ya fi kyau a bar shi ya zaɓa da kansa. Idan aka kafe ɓangare ɗaya a 100 mai aikawa da karɓa lokaci guda, ɗaya ɓangaren kuma yana kan zaɓin kai, na biyun zai koma aikawa da karɓa bi da bi, layi ya yi nauyi. Idan kafar gigabit ta nuna 100 maimakon 1000, a fara duba kebul, domin gigabit na buƙatar duka wayoyi takwas da ke cikinsa.

Kafin a taɓa komai

A ajiye kwafin saitin da ake kai, wanda a pfSense yana ƙarƙashin Diagnostics. A canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na gaba, don a san wanne ya gyara, wanne ya ɓata. Sannan a yi aikin ana kusa da na'urar. Wanda ya canza saitin WAN daga nesa, idan layin ya yanke, ba shi da hanyar komawa ciki sai ya tako da ƙafarsa.