Yadda ake rage nauyin hoto ba tare da ya lalace ba

Da yawa daga cikinku kun taɓa ɗaukar hoto da wayar salula don aika wa malamin gona ko ɗan'uwa da ke ci-rani. Sai hoton ya ƙi tafiya, kuɗin waya kuma su ƙare. Sau da yawa dalili shi ne hoton ya yi nauyi.

Mene ne nauyin hoto?

Kowane hoto an gina shi ne da ƙananan ɗigo masu launi, jere kamar ƙwayoyin gero a bisa faifai. Ana kiran ɗigon nan fiksel. Waya mai megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai ɗigo 4000 a kwance da 3000 a tsaye, wato ɗigo miliyan 12. Nauyin irin wannan hoto yakan kai mega 3 zuwa 5. Idan wayarku tana da Faransanci, za ku ga an rubuta Mo ko Ko; idan Ingilishi ne, MB ko KB. Mo ɗaya ya yi daidai da Ko kusan 1000.

Hanya ta farko: rage faɗi

Fuskar waya ba ta iya nuna ɗigo miliyan 12 gaba ɗaya. Idan kuka mayar da hoton 1200 a kwance da 900 a tsaye, ɗigon da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, amma ido ba zai ga bambanci a waya ba. Ku rage faɗi da tsawo tare, don kada fuskar mutum ta miƙe ko ta baje.

Hanya ta biyu: matsewa

Yawancin hotuna ana ajiye su ne da tsarin JPEG, wanda aka kafa a 1992. Tsarin yana zubar da ƙananan bambance-bambancen launi da ido bai cika lura da su ba. Idan manhaja ta nemi ku zaɓi inganci, ku tsaya tsakanin 70 da 80 cikin ɗari. Idan kuka sauka ƙasa sosai, hoton zai yi dabbare-dabbare. Ga zane ko taswira kuwa, tsarin PNG ya fi dacewa, domin ba ya zubar da komai.

Ga lissafi: hotuna 20 masu mega 4 kowanne sun zama mega 80. Idan aka rage kowanne zuwa Ko 200, duka ashirin ɗin mega 4 ne kawai.

Abubuwan kiyayewa

1. Ku yi aiki a kan kwafi, ku adana na asali. Tumatirin da aka shanya ba ya komawa ɗanye. Haka ɗigon da aka zubar ba ya dawowa.

2. Kada ku yi ta gyara hoton JPEG kuna sake ajiyewa. Kowane zagaye yana ƙara rage ingancinsa.

3. Ku yanke gefe kafin ku rage. Manomin albasa a Galmi da ke son a gane cutar ganye, ganyen ya kamata ya aika, ba gonar duka ba.

4. Idan takardar haihuwa ce ko katin shaida, ku buɗe hoton bayan ragewa, ku tabbatar suna da lambobi suna karantuwa. Harafi ɗaya da ya dushe yana iya sa a ƙi karɓar takarda.

5. WhatsApp yana matse hoto da kansa. Idan ana bukatar na asali don bugawa a takarda, ku aika shi a matsayin fayil.

Yau ku gwada da hoto ɗaya: ku rage shi, ku dubi na asali da sabon, ku rubuta nauyin kowanne a littafinku, ku kawo aji mu duba tare.