Tsibirin Da Benaye Suka Cinye Gonakinsa

Manoma, wannan mako za mu ɗan ajiye zancen taki da iri, mu ƙetare teku mu leƙa wata 'yar ƙasa can gabas mai nisa, watau Singafo. Tsibiri ne a gindin ƙasar Malesiya daga kudu. Tsawonsa daga gabas zuwa yamma kamar mil 31 ne, faɗinsa kuwa mil 17. Mai keke in ya yi asubanci, kafin azahar ya ratsa shi. Amma a cikin wannan ɗan fili mutum fiye da miliyan 6 ke zaune bisa ga lissafin 2024, alhali a 1960 ba su kai miliyan 2 ba.

Da can wurin noma ne. An yi gonakin kayan yaji, da na roba, da kwakwa, da abarba. Babban titin kantuna na birnin, wanda ake kira Orchard Road, ma'anar sunansa hanyar lambu, don lambuna ne a wurin tun kafin a san da kanti. Yau sai sunan ya rage.

To, me ya kori gonakin? Wurin kwana. Mutane sun yi yawa, talakawa suna cunkushe cikin bukkokin katako da kwano. A 1960 hukuma ta kafa ma'aikatar gina gidaje, a 1961 kuwa gobara ta tashi a unguwar Bukit Ho Swee, ta bar mutum wajen 16,000 ba matsuguni. Gwamnatin Lee Kuan Yew ta ga tun da ba filin da za a bazu, sai a hau sama. Bayan ƙasar ta tsaya da ƙafarta a 1965, aka yi doka a 1966 wadda ta ba hukuma ikon karɓar fili don amfanin jama'a. Aka riƙa tashin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, ana biyan diyya, ana mai da mutane gidajen sama. Yanzu kusan mutum 8 cikin 10 na 'yan ƙasar a irin waɗannan gidaje na hukuma suke, da famfo da lantarki. Ba mai musun an ji daɗi. Amma ku duba manomin da ya saba da kajinsa a bayan ɗaki, yau ga shi a hawa na goma, ba inda zai kafa ko turke. Diyya sau ɗaya ake cinta, gona kuwa kowace shekara tana haihuwa.

Kiwon alade ma, wanda babbar sana'a ce ga Sinawan wurin, hukuma ta yanke a 1984 za a daina shi, don yana cin fili yana ɓata ruwa. Cikin 'yan shekaru aka rufe garken ƙarshe.

Bari mu zo kan benayen. A 1939 aka buɗe ginin Cathay mai hawa 16, aka yi ta mamakinsa. A 1955 na Asia Insurance mai hawa 18 ya zo. Daga baya aka gina uku a unguwar bankuna, a 1986 da 1992 da 1995, kowanne mita 280, watau ƙafa 919, ba wanda ya ɗara wani. Wannan ba gamon katar ba ne. Doka ce ta tsai da su nan saboda jiragen sama da ke bi ta kusa. Sai a 2016 Guoco Tower ya wuce su, ya kai wajen ƙafa 950. Gidajen talakawa ma sun bi sahu, don a 2009 an gama waɗansu na hukuma masu hawa 50.

Ba sama kaɗai suka nufa ba, har teku suka ci. Sun yi ta sayen yashi daga maƙwabta suna cike bakin ruwa, har ƙasar da take murabba'in mil 224 ta haura 280. Indunusiya ta gaji, ta hana sayar musu da yashi a 2007. Sabon filin kuwa ba manomi ya samu ba, filin jirgi da masana'antu da tashar jiragen ruwa suka cinye.

Ga inda gizo ke saƙa. Filin noma da ya rage bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, abinci kuwa fiye da kashi 90 daga waje yake zuwa. A watan Yuni na 2022 Malesiya ta hana fitar da kaji don su ma sun yi ƙaranci a gida, alhali kaza ɗaya cikin uku da ake ci a Singafo daga can take. Masu sayar da shinkafa da kaza, abincin da aka fi so a garin, suka shiga uku, ga kuɗi a hannu ba kazar saye. Tilas aka nemo daga Indunusiya da sauran wurare.

Suna dai ƙoƙari. A 2012 aka buɗe wata gona mai shuka ganye a kan kantoci hawa-hawa masu juyawa, tsawon ƙafa 30, waɗansu kuma a kan rufin gidajen ajiye motoci. Ƙwai sun yi kyau, wajen kashi ɗaya cikin uku na gida ne. Ganye kuwa ko kashi 5 cikin 100 bai kai ba, don kuɗin lantarki da ladan ma'aikata sun sa na gida ya fi na maƙwabta tsada. Hatsi ba a ma zancensa. Saboda haka hukuma ta ɗora wa 'yan kasuwa masu shigo da shinkafa ajiye ta wata biyu a rumbu koyaushe, ana kuwa sayen abinci daga ƙasashe fiye da 170, don in wata ta rufe ƙofa a juya ga wata.